Goggo Ba Ta Sirka Ruwa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Goggo ta amsa kira da hantsin wata Talata, a ɗakinta na Makera, kan katifar da ta ƙi yarda a sake mata tun ina 'yar makaranta. Yayar mahaifina ce, ita kuma ta riƙe ni tun ban gama sanin fuskar uwata ba. Ina rubuta wannan ne saboda 'ya'yana, waɗanda suka san ta a matsayin tsohuwa mai faɗa da rediyo, domin su san ba a nan ta tsaya ba.

Kafin in iso daga Barnawa gidan ya cika ya batse. Maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har sun toshe layin, masu keke napep sai juyawa suke yi su bi ta baya. Ina wucewa na ji wani dattijo, abokin aikin marigayi mijinta a masaƙa, yana cewa, "Shi ke nan, gwamnati ta huta. Yanzu wa zai riƙa tashinta da faɗa tun asuba?" Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka bi da addu'a.

Cikin gida kuwa mata ne ko'ina, daga Kakuri, daga Tudun Wada, har da waɗansu daga Sabon Tasha da ɗankwalinsu na zuwa coci. Kusan duk wadda ta riƙe hannuna, kafin ma ta ce mini ya haƙuri, magana ɗaya take fara yi: "Ni ma ita ta yi mini wanka." Wata ta ce duk haihuwarta Goggo ce. Wata ta janye wuyan riga ta nuna mini wani tsohon tabon ƙuna a kafaɗarta, tana kuka tana dariya, ta ce, "Kin ga sa hannunta nan."

Wankan jego suke nufi, wankan tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya da ake yi wa mace bayan ta haihu, safe da yamma, har ta yi arba'in. Shi ne aikin Goggo, ko da yake ba ta taɓa karɓar lada a kai ba, balle a kira shi sana'a. Na tsaya a tsakar gidan nan ina amsa gaisuwa. Cikin duk matan da ke wurin waɗanda suka taɓa haihuwa, ni kaɗai ce ba zan iya faɗin wannan magana ba. Ni da ta goya, ni da ta aurar, ni ce ba ta taɓa yi wa wanka ba, kuma har ta rasu ban tabbatar ko ta yafe mini wannan ba.

A gefen murhu wata tsohuwa ta zauna ita kaɗai a kan turmi, ba ta kuka ba ta magana. Mama mai itace ke nan, ƙawar Goggo, Kirista ce 'yar kudancin jihar nan. A da maƙwabta ne katanga ɗaya, kafin rikici ya sa ta koma Sabon Tasha. Da ta gan ni sai ta ce, "Sori, 'yata. Ki gama da mutane tukuna, ina da magana." Na ɗauka ta'aziyya ce kawai, na wuce.

Goggo mace ce doguwa, baƙa, mai manyan hannuwa. Tafin hannunta ya mutu da zafi, tana ɗaukar garwashi da yatsa ta kunna wani murhun. Ba ta yi boko ba, amma babu labaran da suke wuce ta. Rediyonta na rataye a ƙusa kusa da taga, kuma ba saurarensa take yi ba, hira take yi da shi. In an ce gwamnati ta ƙaddamar da wani sabon shiri, sai ka ji ta daga madafa: "Na bara ina kuka kai shi?" In wani babba ya ce talaka ya ƙara haƙuri, sai ta ce, "To, aiko mana da naka mu gani, ko irinsu ɗaya."

Ma'auninta na siyasa guda ɗaya ne tak, jiniyar masaƙa. Mijinta a Kakuri ya yi aiki har aka rufe, kuma ta ce tun ranar da jiniyar nan ta daina kuka da safe unguwar ta daina sanin lokaci. Duk zaɓe sai 'yan kamfen sun shigo mata da atamfa da taliya, su durƙusa suna Hajiya kaza Hajiya kaza. Ita kuwa sai ta bar su su gama, sannan ta ce, "Jiniya za ta sake kuka?" Su ce in sha Allahu. Ta ce, "Haka na gabanku suka ce. Ku ajiye kayan, akwai mai jego a bayan layi. Amma kada ku tafi da zaton na sayar muku da yatsana." Ranar zaɓe kuwa da kujerarta take tafiya, ta zauna a gaban layi. Ba ta taɓa gaya wa kowa wanda ta dangwala wa ba.

Duk da wannan faɗa nata, ba ta yarda yaro ya zagi shugaba a waya ba. Ɗana na fari ya taɓa ce mata, "Goggo, ai ke ma kullum zaginsu kike yi." Ta ce, "Ni a ɗakina nake yi, da sunana, da furfurata. Kai kuwa ka ɓuya a bayan hoton zaki kana zagin sa'an kakanka." Zanga-zanga kuwa ko sunanta ba ta son ji. Lokacin da matasa suka fito kan tsadar rayuwa, ta yarda da duk abin da suka faɗa, amma ta sa an kulle ƙofar gida, ta zauna a zaure da carbinta. Ta ce, "Gaskiyarsu ce. Amma ƙarshenta dokar hana fita, kuma su ba su san mene ne hana fita ba."

Kan al'ada, ita da Mama mai itace bakinsu ɗaya. Duk ranar da Mama ta kawo itace daga Sabon Tasha sai su zauna a inuwar katanga su yi wa zamani wankin babban bargo. Addini daban, coci daban masallaci daban, amma in aka zo kan ɗinkin 'yan mata da askin samari ba ka iya raba muryarsu. Mama ta ce, "Yanzu a coci ma waya suke dannawa, fasto na magana." Goggo ta ce, "Namu a gaban gawa suke dannawa." Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta'aziyya ta waya. Wani jikan ƙanenta ya taɓa aiko da hoton hannuwa biyu a haɗe lokacin da aka yi mana rasuwa, aka nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ku ce masa hannun ya iso, muna jiran sauran jikin."

Da aka zo da bikin da ake yi wa ciki tun ba a haihu ba, da balan-balan da kek, sai ta riƙe haɓa. Ta ce a zamaninsu ciki ɓoye shi ake yi saboda kunya da tsoron Allah, biki kuwa sai an ga mace ta sauka lafiya. "Kun yi wa ciki rawa," in ji ta, "mai cikin kuma ranar da ta haihu ba mai ɗora mata ruwa."

Da ma'aikatan lafiya kuwa tsakaninsu sai a hankali. Ba wai ba ta yarda da asibiti ba ne gaba ɗaya. Allurar ƙyanda da kanta take ɗaukar jarirai ta kai, domin ta ce ta ga abin da ƙyanda ta yi a garinsu tana yarinya, ba labari aka ba ta ba. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne duk rigakafin da aka biyo ta da shi har gida ana lallashi. "In na je asibiti da zazzaɓi sai a rubuta mini takarda in je kemis," in ji ta. "Amma wannan ga shi har ƙofar ɗaki, da murmushi. Me ya sa?" Na sha yi mata bayani, ta sha cewa ta ji. Lokacin korona ta sa takunkumi a haɓa, ta rantse ba mai soka mata allura. Sai ga ɗan ƙanenta ya biya mata Umara, aka ce ba a shiga jirgi sai da shaidar allura. Washegari ta shirya tsaf ta ce in raka ta. A hanya na kasa daurewa na yi dariya. Ta ce, "Yi dariyarki. Ni don Ɗakin Allah na miƙa hannu, ba don su ba."

Duk waɗannan mutane sun sani, su ne ake ta maimaitawa a wurin zaman makoki. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dalilin da ya sa itace bai taɓa yankewa a gidanta ba. A bayan ɗakinta akwai tarin itace da ya kusa kai rufin kwano, damina da rani, ko da mai jego ko babu.

Goggo 'ya ɗaya Allah Ya ba ta, wadda nake kira Yaya. Ina ƙaramar sakandare Yaya ta zo gida haihuwar fari. Ta sauka lafiya, aka fara wanka, aka fara dama mata kunun kanwa kamar yadda aka saba. Ana cikin haka gari ya rikice, aka sa dokar hana fita. Mama mai itace ta gudu da 'ya'yanta, kasuwa ta mutu, itacen gida ya ƙare. Na ga Goggo da idona ta fasa kujerar zamanta ta sa a wuta, ta bi da ƙyauren kicin, ta bi da ƙafafun gadonta. Duk da haka sai da aka yi kwanaki ba a ɗora ruwa ba. Ƙafafun Yaya suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Ba motar da za ta kai ta asibiti, ba hanyar da za a bi. Kafin a buɗe gari ta rasu, jaririn ma bai daɗe ba ya bi ta.

Goggo ba ta taɓa shakkar abin da ya kashe 'yarta ba. Ta ce sanyi ne ya shige ta a kwanakin da wuta ta mutu, jikinta yana ɗanye. Daga nan ne ta zama mai wankan unguwa. Duk inda ta ji an haihu, Musulma ko Kirista, 'yar gari ko baƙuwa, sai ta ɗauki ƙatuwar tukunyarta ta tafi. Akwai wata yarinya 'yar haya, mijinta direban tirela yana can kudu, ba uwa ba dangi. Goggo ta kwaso ta da jaririnta ta ajiye a ɗakinta har ta yi arba'in, ita kuma ta koma kwana a tabarma. Ƙa'idarta ɗaya ce, kowa ya san ta: ruwan mai jego ba a sirka shi. Ko ɗigon ruwan sanyi ba ya shiga. Takan ɗaga hannun nan nata ta ce, "Wannan hannun bai taɓa sirka ruwan mai jego ba, ba kuma zai fara ba."

Ni kuwa na daɗe ban haihu ba bayan aure. Da cikin ya zo, sai ya zo da hawan jini. Bayan na sauka, likitar da ta duba ni ta zaunar da ni da maigidana, ta ce zuciyata ta gaji, sai an lallaɓa ta. Ta ce ba wankan tafasasshen ruwa, ba kunun kanwa, ba kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Ta ce sun sha ganin mata sun dawo musu da kumburi da haki bayan irin wannan jego, waɗansu kuma ba sa kai labari. Tana faɗin kumburi da haki sai na ga fuskar Yaya a jingine da bango.

Ranar da aka sallame mu, muna isa gida Barnawa muka tarar da keke napep a ƙofa, ana kwance tukunya daga samansa, ana sauke itacen da ya cika bayan. Goggo har ta jera duwatsun murhu a bayan gida, kusa da tankin ruwa. Fuskarta kamar ranar Sallah. Ta karɓi jaririn ta yi masa addu'a, ta saɓa shi a kafaɗa, ta dube ni ta ce, "Yau dai Allah Ya kawo ni kanki."

Na ce, "Goggo, likita ta hana."

Ta ce, "Ta hana me?"

Na faɗa mata. Ta yi tsaki ta ci gaba da gyara itace. "Likita ta haihu kuwa? Su da suke sallamar mace washegarin haihuwa kamar an zo karɓar saƙo? Sun hana wanka, to me suka ba ku a madadinsa? Wa zai zo ya dube ki safe da yamma? Wa zai ga kin ci ko ba ki ci ba? Gwamnati?"

Maigidana mutum ne mai son a yi komai a fili, ma'aikacin ofis, kuma bai san labarin Yaya dalla-dalla ba. Ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Goggo, ba raini ba ne wallahi. Cewa ta yi zafin ruwan da kanwar su ne suke iya taɓa zuciya, su kawo kumburin ƙafa da haki. Ana zaton sanyi ne, alhali..."

Bai ƙarasa ba. Goggo ta saki itacen da ke hannunta. Ta ce, "Maimaita." Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ba wanda ya maimaita. Sai ta miƙo mini jaririn, ta kira mai keken, ta ce ya mayar da tukunya sama. Itacen kuwa ta bar shi a nan. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni, domin Goggo in ta yi faɗa to abin bai kai zuci ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin kaɗaici irinsu ba. Barnawa ba Makera ba ce, kowa yana bayan get ɗinsa. Maigida ya koma ofis. 'Yan uwa suka yi ta aiko da barka ta waya, da hoton fure da na jariri. Ina shan magunguna a kan lokaci, jinina yana sauka, amma sai in zauna a bakin gado in yi ta kuka ba dalili, abinci ya huce a gabana. Likita ta yi gaskiya game da zuciyata, ban taɓa shakka ba, da na bi Goggo wataƙila da ba ni nake wannan rubutu ba. Amma tambayar Goggo ma tana nan ba wanda ya amsa ta. Ba wanda ya zo safe da yamma.

Ranar suna ta zo, ta zauna cikin tsofaffi, ta ci abinci, ba ta ce mini uffan ba. Sai dai na lura tana kallona ta gefen ido. Washegari da sassafe na ji ƙaurin hayaƙi daga bayan gida. Na leƙa, sai ga ta a durƙushe tana hura wuta, tukunya a kan murhu.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Kin rame kamar kazar da ta kwana a ruwa. Ga yadda za a yi. Ni zan dafa, zan kai miki ƙofar banɗaki. Abin da kika yi da shi a ciki, ke da likitarki. Ni ban gani ba, kada kuma ki gaya mini."

Haka muka yi har na yi arba'in. Kullum ta taso daga Makera a keke, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta ajiye a ƙofa. Ni kuma in ja bokitin ciki, in buɗe famfo in sirka shi har ya zama ɗumi. Ita tana zaune a kujera ta juya wa ƙofar baya, jariri a cinyarta, ta ƙure ƙarar rediyo don kada ta ji zubar ruwan famfo, tana ta faɗa da masu labarai. Kunu ma ta dama, amma na tsamiya, ba kanwa. Takan dangwarar da kofin a gabana ta ce, "Ga kunun marasa lafiya." Ta tsaya a kaina sai na shanye. Ta gyara mini kai, ta matsa mini ƙafa, ta kori baƙin da suka daɗe. Kukan nan da nake yi ba dalili ban san ranar da ya tafi ba.

Amma hannunta bai taɓa jikina da ruwa ba, ko a wannan haihuwa ko a waɗanda suka biyo. Ta kuma laƙaba mini suna, 'yar asibiti. In matan da ta yi wa wanka suka taru a gidanta da Sallah, takan ce, "Waɗannan 'ya'yana ne na ruwan zafi. Waccan kuma 'yar asibiti ce." A yi dariya, ni ma in yi. Amma abin yana sukata, ba zan ɓoye ba. Ban san ko wasa ne zalla ko akwai sauran ciwo a ƙarƙashinsa ba, kuma ba a yi wa Goggo irin wannan tambaya.

A baki ba ta taɓa janye ko kalma ɗaya ba. Har ƙarshen rayuwarta tana cewa matan yanzu ba su da ƙwari saboda ba a gasa su ba. Sai dai Mama mai itace ta taɓa raɗa mini cewa tun bayan jegona, duk mai jegon da ta kira Goggo sai ta fara tambaya, "An auna jininki?" In an ce ya hau, sai ta dafa ruwa ta ajiye a ƙofa ta juya baya. Ƙullin kanwar da ke rataye a kicin ɗinta kuwa na gan shi shekara da shekaru, ƙura ta rufe shi, ba a kwance ba kuma ba a yar ba.

Sau ɗaya tak ta kusanci maganar. Cikin ciwonta na ƙarshe ne, da la'asar, ina yanke mata farce. Rediyo a kashe, abin da ba a saba ba. Tana kallon rufi ta ce, "Da ba a hana fita ba a lokacin nan, da an kai ta, kina ganin da sun iya?"

Ba ta ambaci suna ba, ban kuma tambaya ba. Na san ba wannan ce ainihin tambayar da take son yi ba. Ɗayar tana bayanta, ta fi ƙarfin bakinta, ta fi ƙarfin nawa. Na ce, "Allah kaɗai Ya sani, Goggo. Kin ƙona har gadonki."

Ta dubi farcen da na yanke mata. Sannan ta ce, "Haka ne." Ta miƙo mini ɗaya hannun.

To, ranar Talatar nan, da aka zo maganar wanda zai yi mata wankan ƙarshe, sai tsakar gida ta ɗan rikice. Akwai malamar unguwa da ta saba yi, akwai 'ya'yan ƙannenta, akwai kuma matan nan nata na ruwan zafi, kowace tana ganin ita ta fi cancanta ta rama alheri. Ni na koma gefe na jingina da bango. A raina na ce ba ni da bakin magana a nan.

Sai Mama mai itace ta miƙe daga kan turmi. Ashe duk zaman nan da ta yi a gefen murhu wuta take kula da ita, ta ɗora tukunyar Goggo da itacen da ta kawo da kanta. Ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Ku yi haƙuri, ni ba zan shiga ɗakin ba, na san ba hurumina ba ne. Amma ta bar mini saƙo tun watan jiya, ta ce in faɗa a gaban kowa don kada a yi gardama." Ta juyo ta nuna ni. "Ta ce 'yar asibiti ce za ta yi mata. Malama ta tsaya ta nuna mata yadda ake yi."

Mama ta matso kusa da ni.

"Ta ce kuma in gaya miki, ki sirka ruwan. Ta ce ke kika iya."

Matan nan da ɗazu suke jayayya su ne suka kama mini tukunyar muka kai ƙofar ɗaki. Na ɗebo ruwan randa na zuba a kan na zafin, a hankali, ina tsoma hannu ina ji, har ya zama ɗumi irin wanda na riƙa yi wa kaina a bayan ƙofa tana juya baya. Malama ta sa ganyen magarya. Na fara da damanta kamar yadda aka nuna mini. Da na zo kan tafin hannun nan da wuta ta kashe, sai na riƙe shi na kasa saki, har Malama ta taɓa kafaɗata ta ce lokaci yana tafiya.

Ranar sadakar uku wata mata ta iso a makare daga Kakuri, ban san ta ba, da goyo a bayanta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Allah Ya jiƙan Goggo. Ni ma ita ta yi mini wanka." Ta share ido ta ƙara da cewa, "Ke kam ai ba a magana, ke da kike 'yarta. Ita ta yi miki duka, ko?"

Na ce, "A'a. Ni na yi mata."

Allah Ya gafarta miki, Goggo, Ya haɗa ki da Yaya a inda ba a hana kowa fita. Mu kuma da muka rage, Allah Ya ba mu masu zuwa duba mu safe da yamma.